Bayan Madara da Tatsuniya: Yadda 'Yata Ta Saba da Nazaren Katolika a Manchester

Mun sauka a Manchester a watan Oktoban 2021, ni da maigida da 'yarmu ta fari, tana da shekara biyu da wata bakwai. Ba zan kira sunanta a nan ba, kamar yadda ban saba kiransa a gida ba, kuma duk wadda ta yi haihuwar fari a ƙasar Hausa ta san dalili. A Zariya aka haife ta, a gida mai sassa huɗu da yara fiye da goma, inda ba ta taɓa rasa bayan da zai goya ta ba, har akan yi yini guda ban ɗauke ta ba sai lokacin shayarwa. Karatun digiri na uku ne ya kawo mahaifinta Ingila, muka tare a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a saman bene, yarinya ta wayi gari ba ta da kowa sai ni. Kusan shekara guda muka yi a haka, idan na shiga kicin tana riƙe da zanena, idan na shiga banɗaki tana tsaye a bakin ƙofa, har ta kai ga ko mahaifinta ba ta yarda ya fita da ita sai ina biye.

Wata maƙwabciyata 'yar Ghana, wadda ta tashi kusa da zangon Kumasi har ta tsinci Hausar gaisuwa da ta ciniki, ita ce ta fara yi mini bayanin cewa a Ingila kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana da haƙƙin zuwa nazare kyauta na sa'o'i 15 a mako, makonni 38 a shekara, wato sa'o'i 570 ke nan, ba tare da an duba irin bizar iyayensa ba. Haƙƙin yana farawa daga zangon karatun da ya biyo bayan cikar yaro shekara uku, a farkon Satumba ko Janairu ko Afrilu. Akwai kuma tsarin sa'o'i 30 da aka fara a 2017 domin iyaye masu aiki, sai dai sharaɗin da yake kan takardunmu ya cire mu daga ciki. Wurare uku na duba. Na farko na 'yan kasuwa ne, kuɗin abinci da na ƙarin sa'o'i sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Na biyu yana da jerin masu jira mai tsawo, ga shi sai an hau bas. Na uku shi ne ajin nazare na wata firamaren Katolika, tafiyar minti bakwai a ƙafa daga ƙofar gidanmu, inda 'ya'yan maƙwabciyar tawa suke. Wanda ba shi da mota a garin da ruwan sama ba ya neman izini kafin ya sauko, ya san darajar minti bakwai.

Kwana uku muka yi muna juya maganar da maigida kafin na kira gida. Hajiyata ta yi shiru a waya, sannan ta ce, “Yanzu duk makarantun garin a rasa inda za a kai ta sai ta mishan?” Kawuna, wanda yake zaune kusa da ita, shi ya karɓi wayar ya tuna mini cewa shi kansa a St. John's ta Kaduna ya yi sakandare, kafin gwamnati ta karɓe ta a mayar da ita Kwalejin Rimi, kuma bai fito da komai ba sai Turanci mai kyau da ƙin makara. Shawarar da ya ba ni ita ce in je da ƙafata in tambaye su abin da suke yi da yara, dalla-dalla, kada in tsaya ga jita-jita. Na je, shugabar makarantar ta zagaya da ni, na ga gicciye a saman allo, na ga wani ɗan teburi a kusurwar aji da kyandir da mutum-mutumin Maryamu a kai, na kuma ga yara masu kama iri-iri, har da wata uwa mai hijabi tana jiran ɗanta a ƙofa. Makarantun Katolika sun haura dubu biyu a Ingila, kusan ɗaya cikin goma na makarantun da gwamnati take ɗaukar nauyinsu, kuma tamu tana ƙarƙashin dayosis ɗin Salford, wato yankin da bishop ɗin Salford yake shugabanta. Gwamnati ce take biyan albashi, amma kwamitin gudanarwa na makarantar, wanda coci yake da rinjaye a cikinsa, shi yake tsara ƙa'idar ɗaukar yara.

Cike fom bai ba ni wahala ba. An nemi takardar haihuwa, da shaidar adireshi, da jan littafin nan na rigakafi da ake ba kowane yaro a ƙasar, sai wani gurbi na takardar baftisma da na bari babu komai, na rubuta Musulunci a inda aka tambayi addini. Sakatariyar ta karɓa, ta ɗago kai ta faɗa mini wata magana, ta kuma maimaita ta sannu a hankali don ta tabbatar na fahimta: samun gurbi a nazare ba ya nufin yarinya za ta samu gurbi a ajin share fage na firamare a shekara mai zuwa, wancan sabon nema ne, kuma 'ya'yan Katolika ake fara ɗauka. Na ce na ji, amma a raina na ɗauka irin maganar ofis ce da ake faɗa wa kowa.

A makon farko na Satumbar 2022 malamai biyu suka zo gidanmu, kamar yadda suke zuwa gidan kowane sabon yaro kafin ya fara. Na share gida, na turara shi, na soya cincin, na yi kwalliya kamar mai jiran surukai, su kuwa da suka shigo sai suka cire takalma suka zauna a ƙasa, ɗaya ta zazzage jakar kayan wasa a gaban yarinyar ba ta ce mata komai ba. Ɗayar ta fito da takarda ta shiga yi mini tambayoyin da ban taɓa tunanin makaranta za ta yi ba: me take so, me take tsoro, yaya take nuna tana jin fitsari, me ake yi mata idan ta yi kuka, wa take kira idan ta farka da dare. Da ta ji cewa yarinyar ba ta jin Turanci, sai ta ce in ba ta kalmomi goma na Hausa waɗanda ba za a iya yini babu su ba. Na ba ta ruwa, fitsari, kashi, zafi, sanyi, zo, zauna, sannu, Umma, da “ba na so”, ta rubuta su yadda kunnenta ya ji, tana maimaitawa ina gyara mata. A nan ne yarinyar, wadda take laɓe a bayana tun shigowarsu, ta leƙo ta yi dariya, domin ta ji Baturiya ta ce “fitsari” da wata irin murya. Malamar ta shaida mini cewa ita ce aka ɗora wa alhakin 'yata musamman, domin doka ta ce kowane yaro a wannan mataki sai an ware masa babba guda wanda zai san shi ciki da waje, wanda kuma iyaye za su riƙa tuntuɓa. Ajin yana da yara 26, ƙa'ida kuwa ita ce babba ɗaya ga yara 13 idan akwai ƙwararriyar malama a ciki. Kafin su tafi suka sa na zaɓi kalmar sirri, wadda duk wanda zai ɗauko yarinyar in ba ni ba sai ya faɗe ta.

Tsarin sabawar da suka ba ni a rubuce mai sauƙi ne. Ranar farko sa'a guda, ina zaune a ajin. Rana ta biyu in fita na minti goma. Daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda yarinya ta ɗauka, har a kai ga cikakken lokaci, daga tara saura kwata zuwa sha biyu saura kwata. Ranar Litinin 12 ga Satumba muka fara. Na zauna a kan wata 'yar kujera da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, ita kuma ta manne a jikina tana kallon yara suna zuba ruwa daga kofi zuwa mazurari, sai can wajen ƙarshen sa'ar ta miƙa hannu ɗaya ta taɓa ruwan, ɗaya hannun yana riƙe da mayafina.

Rana ta biyu ce na yi kuskuren da ya jawo mana wahalar makonni. Da lokacin fitata ya yi, na ga hankalinta ya tafi kan wani akwatin yashi, sai na yi abin da aka yi mini ina ƙarama, abin da kowace uwa a unguwarmu take yi. Na ce mata, “Je ki ɗauko wancan cokalin ki kawo mini,” tana juya baya na sulale. A gida “je ki ɗauko takalminki mu tafi” ake cewa, yaro ya ruga ɗaki, kafin ya fito an bi lungu, ya yi kukansa ya gaji wata goggo ta ba shi ƙuli-ƙuli ya manta. Ban kai ƙarshen baranda ba na ji ƙarar da ban taɓa jin ta yi irinta ba. Da na dawo bayan minti goma na same ta a bakin ƙofa ta shiɗe don kuka, kuma a daren nan sau huɗu tana farkawa tana laluba gefen gado ta ji ko ina nan. Washegari ko takalmi ta ƙi yarda a sa mata.

Malamar ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ta ce yaron da aka sulale aka bari ba ya koyon cewa uwa tana tafiya ta dawo, abin da yake koya shi ne uwa tana iya ɓacewa a duk lokacin da ya kau da ido, don haka sai ya daina kau da ido, ya daina wasa, ya zama mai gadin uwarsa. Da farko raina ya ɗan ɓaci, na ce a zuciyata haka aka rene mu kuma ga mu mun girma lafiya. Amma da na kwanta na auna, sai na ga bambancin: a gidanmu na Zariya idan uwa ta sulale, yaro yana juyawa ya ga kaka da goggo da yayye, fuskokin da ya buɗe ido ya gani, alhali ita wannan na bar ta ne cikin baƙi masu yaren da ba ta ji. Dabarar da malamar ta koya mini ita ce in durƙusa daidai tsawonta, in dube ta, in faɗa mata zan tafi, in faɗa mata lokacin da zan dawo, in miƙa ta hannu da hannu, sannan in juya in tafi ba tare da na waiwaya ko na tsaya leƙe ta taga ba. Tunda yaro ɗan shekara uku bai san agogo ba, akwai jerin hotuna a bango da suke nuna yadda safiya take tafiya: addu'a, wasa, madara, wasan waje, tatsuniya, gida. Da su ake yi masa alkawari.

Haka na riƙa yi. Kowace safiya in rataye rigar sanyinta a maratayin da aka manna hotonta, in durƙusa in ce, “Zan tafi gida. Idan kin sha madara, kin yi wasa a waje, an yi tatsuniya, za ki gan ni a ƙofa.” Ta yi kuka ranar Alhamis, ta yi ranar Juma'a, ni ma ina fita ƙofar makarantar nake share nawa hawayen da gefen mayafi, abin da da a gida ne sai an yi mini dariya a ce ba ni da kunyar 'yar fari. Bayan minti ashirin sai ofis su kira ni su ce ta yi shiru, tana kan cinyar malamarta. Muna ganin an fara samun sauƙi sai ga hutun da ba a shirya ba: Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga watan, aka sa jana'izarta Litinin 19, aka rufe makarantu. Kwana uku a gida suka rushe abin da muka gina, ranar Talata kamar ba ta taɓa ganin ajin ba. Malamar ce ta ba da shawarar a bar mata wani abu nawa, sai na ba ta wani tsohon ɗankwalina da ya sha turaren wuta, aka sa mata a aljihu. An ce idan abin ya taso mata sai ta fito da shi ta shinshina ta mayar. Abu guda da na riƙe da ƙarfi shi ne ban taɓa makara ba. Tun sha ɗaya da rabi nake tsayawa a ƙofa, ko ana ruwa, don idan an buɗe fuskata ta kasance cikin na farko da za ta gani. A makon farko na Oktoba, wata safiya, kafin in gama durƙusawa ta riga ni, ta ce, “Madara, waje, tatsuniya, Umma,” ta saki hannuna ta wuce wurin yashi. Na tsaya da baki buɗe har sai da malamar ta yi mini alama da ido in tafi.

Matsalar banɗaki ta zo ta wuce cikin mako biyu. Yarinya ta saba da buta, can kuwa sai takarda, don haka ta riƙa matse fitsari har a tashi, sau biyu tana jiƙa wando. Na yi wa malamar bayanin tsarki, ba ta nuna mamaki ba, domin ba ni ce Musulma ta farko da ta yi mata shi ba, muka daidaita a kan ƙaramar gorar ruwa da take ajiye mata a banɗakin. Abinci bai zama abin damuwa ba tunda ba ta kai lokacin cin rana, abin da ake ba su shi ne 'ya'yan itace da ɗan kwalin madara mai mililita 189 wanda gwamnati take biya wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Na dai rubuta musu cewa ba ta cin alawa mai sinadarin jelatin, saboda ranakun da wani yaro yake rabon alawar zagayowar haihuwarsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirunta. Kusan mako shida ba ta furta kalma ɗaya a aji ba, sai nuni da hannu da gyaɗa kai, yarinyar da a gida ba ta barin kowa ya yi magana. Har na yanke shawarar mu koma yi mata Turanci a gida don ta kamo sauran, malamar ta roƙe ni kada in yi haka. Ta ce yawancin yaran da suka zo da wani harshe sukan yi irin wannan shirun, suna saurare suna tarawa, kuma yaron da harshensa na gida ya yi ƙarfi ya fi saurin ɗora na biyu a kai. A lokacin, manhajar karatun ma ta wajabta musu ba yaro damar amfani da harshen gidansu a wasa da koyo. Ta ce in ci gaba da yi mata tatsuniya da Hausa, Turanci aikinsu ne. Kalmomi goman nan kuwa suna manne a jikin kabad, har mataimakiyar malamar ta iya cewa “sannu” idan wani ya faɗi, ko ba Bahaushe ba ne. Bayan hutun tsakiyar zango sai aka ce an ji ta tana yi wa 'yar tsana faɗa da Turanci a kusurwar girki, da irin muryar malamarta sak.

A taron iyaye na watan Nuwamba na tafi da ƙorafi a bakina. 'Yar ƙanwata da take nazare a Kaduna, sa'arta ce, tana rubuta ɗaya zuwa hamsin, tana dawowa da aikin gida a jaka, tawa kuwa ba ta dawowa da komai sai laka a gwiwa da fenti a hannun riga. Na tambayi malamar yaushe za a fara karatu. Ta buɗe mini hotunan da suke ɗauka suna sakawa a manhajar waya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin da ake kira EYFS, wanda aka fara a 2008 aka kuma sabunta a 2021, ya kasa koyon yaro daga haihuwa zuwa shekara biyar gida bakwai, amma uku ne ginshiƙai: magana da fahimtar harshe, ƙarfin jiki da sarrafa gaɓoɓi, sai zama da mutane da sanin yadda za a riƙe zuciya. Karatu da rubutu, lissafi, sanin duniya, da zane da waƙa, a kan waɗannan ukun ake ɗora su. Ta nuna mini hoton 'yata tana mulmula ƙulli tana matsa maƙalan shanya, ta ce yatsun da za su riƙe fensir ake ƙarfafawa. Sannan ta kira ta, ta zube murafun kwalba a teburi ta ce ta ba ta huɗu. Yarinyar ta ɗauka ɗaya-ɗaya tana taɓawa, ta tsaya a kan huɗu daidai. Malamar ta ce yara da yawa suna iya rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, amma idan aka ce su miƙo huɗu sai su dumbuzo. Da na koma gida na sa aka gwada 'yar ƙanwar tawa ta bidiyo, ta dumbuzo. Duk da haka ban sallama gaba ɗaya ba, kuma har yau ina ganin suna rage wa hadda daraja fiye da kima. Yaron da yake iya riƙe Fatiha da ƙananan surori yana da shekara uku, ƙwaƙwalwarsa tana iya ɗaukar fiye da abin da suke ɗora mata, don haka muka ci gaba da namu karatun da yamma.

Maganar addini, wadda na fi jin tsoro tun farko, ta iso teburin cin abincinmu wata rana da daddare. An zuba tuwo, sai yarinya ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji, ta taɓa kafaɗu biyu, ta haɗa tafin hannu ta rufe ido. Mahaifinta ya ajiye cokali ya dube ni, ni ma na dube shi. Ba mu tsawata mata ba, domin ba ta san ta yi wani abu ba, abin da ta ga ana yi kafin shan madara ne ta kwaikwaya. Washegari muka nemi ganin shugabar makarantar tare. Ta ce tun dokar ilimi ta 1944 iyaye suna da ikon cire ɗansu daga darasin addini da addu'ar taro, kuma idan mun nema za ta aiwatar. Amma ta ƙara da cewa ba za ta yaudare mu ba: a makarantar Katolika addini ba darasi guda ba ne da za a fitar da yaro a dawo da shi, bishop-bishop sun ware masa kashi goma cikin ɗari na lokacin koyarwa, ga addu'a da safe da kafin ci da lokacin tashi, ga Fada, limamin cocin, yana leƙowa, don haka ba za ta iya yi mana alkawarin cewa yarinya ba za ta ji ba ko ba za ta gani ba. Abin da za ta iya tabbatarwa shi ne ba za a sa ta yin alamar gicciye ko furta addu'ar ba, za ta zauna shiru cikin ladabi kamar sauran yaran da ba Katolika ba. Wannan fito-na-fito da gaskiya ya fi kwantar mini da hankali fiye da a ce ta lallashe mu. Muka zaɓi kada a riƙa fitar da ita, domin yarinyar da da ƙyar ta saba, a ce kullum sai an ja hannunta waje sau uku, wani sabon rauni ne. A gida muka ce mata, “Waccan addu'arsu ce, ke taki Bismillah.” Malamarta ta karɓi wannan, har idan an zo shan madara takan dube ta ta ce ta yi tata.

Daga nan muka riƙa bin shekarar coci ta bakin yarinya. Ƙyallen teburin addu'a ya tashi daga kore ya koma shunayya a ƙarshen Nuwamba, ta zo ta ba ni labari kamar wani babban abu ya faru. Da aka zo wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa kafin Kirsimeti, malamar ta tambaye mu tun da wuri, muka ce ba ma so ta fito a matsayin Nana Maryam ko mala'ika, aka ba ta tunkiya, ta tsaya a gefe da kunnuwan auduga tana ɗaga mini hannu. A 2023 azuminsu na kwana arba'in ya fara ranar Larabar Toka, 22 ga Fabrairu, namu na Ramadan ya same shi a hanya a ƙarshen Maris, sai malamar ta gayyace ni in yi wa yara bayanin Sallah. Na je da lalle a hannu da kayan Sallar yarinyar, na yi minti goma ina magana da Turancina mai ƙamshin Zariya, yara suna taɓa zanen lallen suna tambaya ko yana da zafi.

Sanyin Disamba ya zo da nasa. Su a wurinsu babu ranar da ba a fita wasa waje, ko ana yayyafi ko ƙanƙara ta kwanta, sai dai a sa wa yaro rigar ruwa da takalmin roba, ni kuwa na tashi a inda ake cewa sanyi yana kama haƙarƙarin yaro. Na saya mata kayan, na ƙara mata riga biyu a ciki, na kau da kai. Mura ba ta bar gidanmu ba har Fabrairu, sau biyu kuma aka ce ta zauna a gida na sa'o'i 48 bayan amai, kamar yadda ƙa'idarsu take. Duk dawowa daga irin wannan hutu sai an ɗan yi kuka, amma na kwana ɗaya ne, ɗankwalin ma ya koma zama a jaka.

Kafin 15 ga Janairu na cike fom ɗin neman gurbin ajin share fage ta shafin hukumar birni, na sa makarantar a zaɓi na farko, na kai musu ƙarin fom ɗinsu na addini da hannuna. Amsa ta zo ranar Litinin 17 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Doka ta taƙaita irin wannan aji ga yara 30, 'ya'yan Katolika da ƙannen waɗanda suke ciki suka cike shi, aka ba mu zaɓinmu na biyu, makarantar nan da sai an hau bas. Na ji zafi ƙwarai, amma ban iya cewa an zalunce ni ba, domin muryar sakatariyar nan tana kunnena, sau biyu ta faɗa mini. Malamar ta rubuta bayanin yarinyar shafi biyu ta aika wa sabuwar makarantar, har da maganar gorar ruwa da Bismillah, kuma a ranar ƙarshe a watan Yuli ta ciro takardar kalmomi goman daga jikin kabad, duk ta yi laushi da tabon fenti, ta ce in kai wa sabuwar malama ko da yake yanzu ba a bukatarta.

A Satumbar 2023 muka sauka daga bas a gaban sabuwar makarantar, tana sanye da rigar makaranta da ta ɗan yi mata yawa. Ta tsaya a bakin ajin ta leƙa ciki, ta bi bangon da ido har ta gano inda jerin hotunansu yake, sannan ta ja mayafina na durƙusa. Ta ce, “Umma, a nan bayan me za ki dawo?” Muka je gaban hotunan muka ƙirga tare, sun fi na da yawa, domin yanzu har da abincin rana da wani wasan bayansa. Na sa yatsa a kan na ƙarshe. Ta ce to, ta miƙa mini ɗankwalin ta ce in tafi da shi gida.